Daga Roma zuwa Milan a jirgin ƙasa: tambayoyi da amsoshi

Wanda ya je Italiya, ko don ciniki ko karatu ko ziyarar 'yan'uwa, da wuya ya dawo bai bi wannan hanya ba. Ofisoshin jakadancin Najeriya da Nijar da Ghana duk suna Roma, harkar kasuwanci da masana'antu kuwa ta fi yawa a arewa, Milan da garuruwan kewayenta. Don haka kullum akwai mai hawa akwai mai gangarowa, wani zai je sabunta fasfo, wani zai je sarin takalma da jakunkuna. Ga abubuwan da aka fi tambaya.

Tafiyar awa nawa ce?

Kimanin awa 3 a jirgi mai gudu wanda ba ya tsayawa a hanya. Wanda yake tsayawa a Firenze da Bologna yakan ƙara minti 30 zuwa 40. A mota, ta babbar hanyar A1, tafiyar kusan kilomita 570 ce, kuma sai ka ware mata awa 6 in ba a samu cunkoso ba. Jirgin yana gudun kilomita 300 a awa a arewacin Firenze, amma tsakanin Roma da Firenze ba ya wuce 250, domin wannan ɓangaren layin ya girmi sauran: an buɗe sashensa na farko a 1977, aka kammala shi a 1992.

Jiragen suna da yawa ƙwarai. Daga asuba zuwa dare, da wuya rabin awa ta wuce ba wanda ya tashi.

Ba gara in hau jirgin sama ba?

A sama tafiyar awa ɗaya ce da 'yan mintuna, amma lissafin bai tsaya nan ba. Daga tsakiyar Roma zuwa filin jirgin Fiumicino minti 32 ne a jirgin Leonardo Express. Ƙara zuwa da wuri, layin bincike, cire bel da agogo, jiran akwati, sannan shiga gari a Milan, wanda in a filin jirgin Malpensa ka sauka zai ci maka kusan awa guda. Kafin ka gama wannan, mutumin da ya hau jirgin ƙasa ya isa masauki har ya yi wanka. Su kansu Italiyawa sun daɗe da yanke hukunci: tun da aka haɗe layin gaba ɗaya a Disamba 2009, fasinjojin wannan hanya suka riƙa barin jirgin sama suna komawa dogo.

Jirgin sama yana da amfani ne kawai in dama kana filin jirgi, wato ka sauka Fiumicino daga gida kuma tikitinka ya haɗa har Milan.

Na ga sunaye biyu, Trenitalia da Italo. Mene ne bambancinsu?

Kamfanoni biyu ne masu gogayya a kan dogo ɗaya. Trenitalia na gwamnati ne, jirginsa mai gudu shi ake kira Frecciarossa, ma'ana jar kibiya. Italo kamfani ne mai zaman kansa da ya fara aiki a watan Afrilu 2012, jiragensa ja ne mai duhu. Tasha ɗaya suke tashi, tasha ɗaya suke sauka, lokacin tafiyar kusan ɗaya ne. Wannan gogayya ce ta sa farashi ya sauko, don kafin zuwan Italo babu mai gogayya da Trenitalia.

A ganina ba wani dalilin kafewa a kan ɗaya. Duba duka biyun, ka ɗauki wanda lokacinsa da kuɗinsa suka yi maka. Abu guda dai kada ka manta: tikitin wannan ba ya aiki a jirgin wancan. In ka shiga Italo da tikitin Trenitalia, a wurin mai duba tikiti daidai kake da wanda ya shigo hannu rabbana.

Nawa ne kuɗin tikiti?

Babu tsayayyen farashi, kamar na jirgin sama yake hawa da sauka. Wanda ya saya makonni kafin tafiya yana iya samun kujera a kan Yuro 30 ko ƙasa da haka. Wanda ya zo tasha ranar tafiya yana iya biyan kusan Yuro 100 a kan wannan kujerar dai. Safiyar Litinin, yammacin Juma'a da yammacin Lahadi su ne lokutan tsada. Haka ma kwanakin Kirsimeti, Ista, da tsakiyar Agusta lokacin hutun Ferragosto na ranar 15 ga wata, sai kuma makon baje kolin kayan ɗaki na Milan a watan Afrilu da makonnin nunin tufafi na Fabrairu da Satumba.

Arha tana da sharaɗi. A Trenitalia akwai farashi uku da za ka fi gani. Base shi ne mafi tsada, amma kana iya canza lokaci yadda kake so kafin jirgi ya tashi. Economy ya fi sauƙi, canji sai da cikon kuɗi. Super Economy shi ne mafi arha, kuma shi ne wanda in ka saya ka saya. Italo ma haka tsarinsa yake, da sunaye Flex, Economy da Low Cost. Shawarata: in jirgin sama za ka sauka sannan ka kama jirgin ƙasa a ranar, kada kwaɗayin arha ya ja ka. Jinkiri a wurin duba fasfo kaɗai ya isa ya cinye maka tikitin.

A ina zan saya?

A shafin intanet ko manhajar kowane kamfani, a na'urorin sayar da tikiti da ke cikin tasha, ko a kanta wurin ma'aikaci. Na'urorin suna da Turanci da Faransanci, suna karɓar katin banki. In ta waya ka saya, ba sai ka buga a takarda ba. Za a turo maka lamba mai haruffa 6 da ake kira PNR tare da hoton da ake haskawa, su kaɗai za ka nuna. Tikitin yana ɗauke da sunanka, saboda haka ka riƙe fasfo ko takardar zama a jikinka.

Wurin rubuta sunan gari, yi amfani da sunan Italiyanci: Roma, Milano, Firenze, Napoli. Wanda ya saba da Florence ko Naples ba zai gan su a allon tasha ba.

Wace tasha zan zaɓa? Na ga Roma tana da fiye da ɗaya.

A Roma, babbar tasha ita ce Termini, a tsakiyar gari, inda layukan jirgin ƙarƙashin ƙasa A da B suka gicciye. Sunan ya samo asali ne daga tsofaffin wuraren wanka na Sarki Diocletian da ke daura da ita. Ta biyu ita ce Tiburtina, wadda take gefen gabas, kusa da tashar manyan motoci, kuma ba ta kai Termini hayaniya ba. A Milan babbar ita ce Centrale, sai Rogoredo a kudancin gari, sai Porta Garibaldi inda wasu jirage ke zuwa.

Ga inda baƙi ke tuntuɓe. Jirgin da ya fito daga Roma sau da yawa yana fara tsayawa a Rogoredo. Na taɓa jin an ce "Milano", ban tsaya jin ƙarshen maganar ba, na ja akwatina na dira. Sai da jirgi ya ja na duba na ga ba gini mai rufin ƙarfe irin na Centrale, ba taron jama'a, sai ni da wata tsohuwa da karenta. Allah ya taimake ni layin jirgin ƙarƙashin ƙasa na M3 yana bi ta nan, na ƙarasa a ƙarƙashin ƙasa. Ka jira ka ga an rubuta cikakken sunan tashar da ke kan tikitinka.

Na duba allo ban ga Milan ba. Yaya zan gane jirgina?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci, kuma amsarta gajeriya ce: lambar jirgi za ka nema, ba sunan gari ba.

Allon yana nuna tashar ƙarshe ce ta jirgin. Jirgin da zai kai ka Milan yana iya kasancewa mai zarcewa Torino, sai ka ga an rubuta Torino Porta Nuova. In dawowa kake daga Milan zuwa Roma, za ka iya ganin Napoli Centrale ko Salerno. Kuma a cikin minti 20 jirage uku suna iya tashi zuwa gari ɗaya, biyu na wannan kamfani ɗaya na wancan. A kan tikitinka akwai lamba mai alƙaluma 4. Nemo ta a allo, ka bi layinta zuwa dama har ka ga lambar dandamali.

Kalmomin da za su fisshe ka ba su da yawa. Partenze, masu tashi, shi ne allonka. Arrivi, masu isowa, ba ruwanka da shi, kuma mutane da dama sun tsaya gabansa suna jira har jirginsu ya tafi. Binario dandamali ne, a taƙaice sukan rubuta Bin. Carrozza tarago. Posto kujera. Ritardo jinkiri, da adadin mintuna a gefensa. Cancellato, an soke. Lokaci kuma da lissafin awa 24 ake rubuta shi, 15:10 ita ce ƙarfe 3 da minti 10 na yamma.

Ba a sanar da dandamali da wuri. Sai saura minti 10 ko 15 lambar take bayyana, nan take kuma za ka ga taron da ke tsaye ƙarƙashin allo ya motsa gaba ɗaya kamar an kaɗa garke. Kada hankalinka ya tashi, kujerarka tana nan ba mai zama a kai. A Termini da Centrale akwai ƙofofin da za ka nuna tikiti kafin ka shiga wajen jirage, mai rakiya a nan yake tsayawa. In ka shiga, duba ƙananan alluna da ke saman dandamali, suna nuna inda kowane tarago zai tsaya. Ana rufe ƙofofin jirgi kafin lokacin tashi da kimanin minti ɗaya, kuma in an rufe ba magiyar da za ta buɗe su. Zuwa tasha minti 25 kafin lokaci ya wadatar.

An ce mini sai na buga wa tikiti hatimi a wata na'ura kafin in hau. Gaskiya ne?

Ba a wannan jirgin ba. Tikitin Frecciarossa, Italo da Intercity (jirgi mai bin tsohon layi) yana ɗaure da jirgi ɗaya, lokaci ɗaya, kujera ɗaya, don haka ba ya buƙatar hatimi. Maganar hatimi ta shafi tikitin takarda na ƙananan jiragen yanki ne, waɗanda ake kira Regionale. In daga Milan za ka zarce wani ƙaramin gari da irin wannan tikiti, to ka cusa shi a na'urar da ke bakin dandamali ta buga masa kwanan wata. In ba haka ba tara ce, kuma "ni baƙo ne" ba ta zama uzuri.

Wane aji ya dace?

Na ƙasa ya ishi kowa. Standard a Frecciarossa, Smart a Italo: kujera mai laushi, sanyin na'ura, wurin cajin waya, intanet kyauta. Na sama, Premium da Business ko Prima a Italo, suna ƙara faɗin kujera da ɗan abin taɓawa. A Business akwai sashen da ake kira Area Silenzio inda ba a waya ba a hira, kada ka zaɓe shi in da abokan tafiya kake. Executive na manya ne. Wani lokaci ragi yakan sa Business ya kusa daidai da Standard, to a nan kam ka more.

Mai zuwa daga Najeriya ko Ghana ya tuna cewa kan cajarsa mai ƙafa uku ba zai shiga soket ɗin Italiya ba, sai da mahaɗi.

Kayana fa? Ana aunawa?

Ba a aunawa, ba a karɓa a ajiye maka, kai ne ɗan dakon kanka. Akwai kanta a saman kujeru don ƙananan jakunkuna, da wurin manyan akwatuna a bakin kowane tarago, sannan akwai sarari tsakanin kujerun da suka juya wa juna baya, wanda mutane da yawa ba su lura da shi, alhali ya fi ko'ina kwanciyar hankali tunda kayanka na kusa da idonka. A ajin Smart na Italo akwai iyakar girman akwati, mai manyan kaya ya duba wannan kafin ya saya. 'Yan kasuwa masu kaya niƙi-niƙi su riƙa shiga da wuri, domin wurin akwatuna yana cika tun kafin jirgi ya tashi. Duka tashoshin biyu suna da wurin ajiyar kaya na kuɗi, an rubuta Deposito Bagagli.

Akwai abinci a ciki? Yaya batun naman alade da salla?

A Frecciarossa akwai tarago mai kantin shayi da burodi, a Italo akwai na'urorin sayar da ruwa da kayan ƙwalama. Ba wanda zai hana ka shiga da guzurinka. Sai dai Musulmi ya buɗe ido, don yawancin burodin da aka cusa wa nama a Italiya alade ne, kuma ba lallai a rubuta maiale ba, wadda ita ce kalmar alade. Prosciutto, salame, pancetta, speck da mortadella duk shi ne. Akwai kuma strutto, kitsen alade, wanda ake sakawa a wasu nau'o'in burodi, musamman piadina ta yankin Bologna. Mafi sauƙi ka nemi mai tumatir da cukwi, pomodoro e mozzarella, ko mai kifi, tonno. In kana da lokaci a Roma, kasuwar Esquilino tana 'yan mintuna da ƙafa daga Termini, akwai mahauta masu naman halal, har doya da manja da busasshen kifi ana samu.

Jirgin ba shi da wurin salla. Tunda tafiyar awa 3 ce, yawanci mutum yana iya tsara ta tsakanin salloli biyu, musamman da bazara lokacin da rana ke daɗewa ba ta faɗi ba. Da hunturu ne lissafin yake matsewa, don magariba tana yi tun kafin ƙarfe 5. Babban masallacin Roma, wanda aka buɗe a 1995 kuma yana cikin mafiya girma a Turai, yana arewacin gari, ba kusa da Termini ba, kada ka sa shi cikin lissafin minti 30 kafin tashi.

Me zan gani ta taga?

Awa ta farko ita ce mai kyau. Bayan an fita Roma jirgi yana bin kwarin kogin Tevere, tuddai da gonakin inabi da zaitun, da tsofaffin garuruwa a kan duwatsu. Wanda ke gefen hagu ya sa ido zai hango Orvieto zaune a saman wani dutse mai gefe a tsaye kamar an yanke shi da wuƙa. Daga Firenze zuwa Bologna kuwa sai ka haƙura: layin kusan kilomita 78 ne, kuma fiye da 70 daga ciki a cikin ramin da aka haƙa ƙarƙashin tsaunukan Appennini yake. Haske yakan ɓullo na daƙiƙa biyar, kafin ka ɗaga waya an sake shiga duhu, kunne yana toshewa yana buɗewa. A Bologna ma dandamalin jiragen gudu a can ƙarƙashin ƙasa yake. Bayan nan sai shimfiɗaɗɗen fili har Milan, gonaki da masana'antu, da farar tashar Reggio Emilia mai siffar igiyar ruwa wadda mai zanen gine-gine Santiago Calatrava ya zana, sannan a haye kogin Po kusa da Piacenza. Da sanyi hazo yakan rufe wannan yanki ruf, kamar ranar da hunturu ya yi tsanani a gida, illa shi wannan jiƙaƙƙe ne.

In jirginka ya tsaya a tashar Santa Maria Novella ta Firenze, za ka ga ya tashi da baya. Ba komawa Roma yake ba. Dogon ya ƙare ne a cikin tashar, dole ya fita ta inda ya shigo.

In na makara jirgi ya tafi fa?

Ya danganta da irin tikitinka. Mai Base na Trenitalia yana da awa ɗaya bayan tashin jirgi ya je kanta a mayar da shi na gaba. Mai Flex na Italo ma yana da irin wannan sassauci. Mai tikitin arha sai dai ya sayi sabo. Kada ka ce bari in faɗa na gaba kawai in yi bayani a ciki.

In jirgin ne ya makara?

Akwai diyya bisa dokar Tarayyar Turai: kashi 25 cikin 100 na kuɗin tikiti in jinkirin isowa ya kai minti 60, kashi 50 in ya kai minti 120. Ana nema ta shafin kamfanin da lambar tikiti, don haka kada ka goge saƙon da zarar ka sauka.

Na ji ana yawan yajin aiki.

Ana yi, kalmar ita ce sciopero. Amma ba a wayi gari kawai a tarar an rufe tasha ba, doka ta wajabta a sanar tun da kwanaki. Kamfanonin suna fitar da jerin jiragen da aka tabbatar za su tashi ko da ana yaji, kuma da yawa daga masu gudu tsakanin Roma da Milan suna ciki. Ƙananan jiragen yanki ne suka fi jin jiki, su ma a ranakun aiki ana barin su su yi jigila daga ƙarfe 6 zuwa 9 na safe da 6 zuwa 9 na dare. In an soke naka, ana mayar da kuɗi ko a canza maka. Wanda ke da ganawa a ofishin jakadanci ko jirgin komawa gida ya duba wannan kwana biyu kafin ranar, in ya ga alama ya tafi tun jajibiri.

Yara suna biya?

A Trenitalia yaron da bai kai shekara 4 ba kyauta ne in a cinya zai zauna, daga 4 zuwa 14 rabin kuɗin Base. A Italo kyautar ta tsaya a ƙasa da shekara 3. Duka biyun sukan yi rangwamen iyali, yana da kyau a duba.

Akwai matsalar tsaro?

Cikin jirgi lafiya lau. A manyan tashoshi ne ake hattara da 'yan sane, kamar kowace babbar tasha a duniya. Wanda ya matso yana son taya ka latsa na'urar tikiti, ko ya kama hannun akwatinka zai taya ka hawa, alhali ba rigar aiki a jikinsa, ce masa "no, grazie" ka ci gaba. Fasfo da kuɗi su kasance a gaba, ba a aljihun baya ba. In jirgi ya tsaya a tashoshin hanya, ɗan waiga wajen akwatinka.

Babu hanyar da ta fi wannan arha?

Akwai jirgin Intercity mai bin tsohon layi, awa 6 zuwa 7 ko fiye, da kuma manyan motoci irin FlixBus da Itabus daga Tiburtina, wajen awa 8. Suna ceton wanda tafiya ta kama shi ba shiri. Amma wanda ya sayi tikitin jirgi mai gudu da wuri, sau da yawa bambancin bai kai ya ɓata yini guda a kansa ba. Mai katin Eurail ko Interrail, na zagaya Turai a jirgin ƙasa, kuma ya sani yana aiki a Frecciarossa in an biya kuɗin kama kujera, ba ya aiki a Italo.

Zan iya tsayawa Firenze in huta in ci gaba da tikiti ɗaya?

A'a. Sai ka sayi biyu, Roma zuwa Firenze, kimanin awa ɗaya da rabi, sannan Firenze zuwa Milan, kusan awa 2. In ka sauka da tikiti ɗaya, ragowar tafiyar ta bi jirgin.

Na sauka Milano Centrale, sai ina?

Ɗaga kai ka kalli ginin tukuna, an buɗe shi a 1931 kuma ya fi kama da fadar sarki fiye da tasha. Jiragen suna tsayawa ne a bene, sai ka gangara ka bi jar alama mai harafin M. Layin M3, mai ruwan ɗorawa, zai kai ka babban cocin Duomo a tasha ta huɗu. Mai son ganin filin wasa na San Siro ya hau M2, kore, zuwa Garibaldi, ya canza zuwa M5 ya bi shi har ƙarshe. Jirgin Malpensa Express da motocin filayen jirgin Malpensa da Bergamo duk daga nan suke tashi, motocin a gefen ginin suke jira. In tasi za ka hau, bi layin fararen motoci da ke waje, ka rabu da mai tare ka a cikin zaure yana tambayar inda za ka.